Sabon Shiga, Maƙwabcin Teburina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, bakwai ga watan Mayu, Allah ya karɓi ran maƙwabcin teburina a wurin baje kolin kayan hannu, masassaƙin nan da muke kira Sabon Shiga. Labarin bai iso gare ni ba sai washegari, bayan an riga an kai shi makwancinsa. 'Yarsa ce ta kira ni da wayarsa, tana bin lambobin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, kuma ba su da yawa. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban san sunanka ba. Baduku kawai ya rubuta." Na ce mata ni ne, ba ta yi kuskure ba.

Sabon Shiga, ba na manta ranar da ka fara zuwa. Ka shigo zauren da buhu a kafaɗa, gemu fari fat, ka zazzage akusa da cokulan katako a kan tebur kamar mai sayar da dankali. Ba ƙyallen shimfiɗa, ba farashi. Duk wanda ya taɓa akushi sai ka miƙe tsaye ka hau ba shi tarihin bishiyar da aka yi shi da ita, har bawan Allah ya ajiye ya sulale. Da abin ya ishe ni na leƙo daga bayan takalmana da jakunkunana na ce, "Malam, nan fa ba wa'azi ake ba, ciniki ake." Ka yi dariya ka ce, "A yi min uzuri, sabon shiga ne." Na ara maka ƙyalle, kai kuma sunan ya bi ka har kabari.

Daga baya na san cewa rufin gidaje ka yi ta yi tun kana saurayi, har gwiwoyi suka ƙi hawa tsani. Mai ɗakinka ta rasu, ɗanka aiki ya kai shi nesa, 'yarka tana gidan mijinta a wani gari. Na tambaye ka me ya fito da kai kasuwa da tsufanka. Ka ce, "Gidan ne ya yi min shiru, Baduku. So nake in ji wani ya ɗaga abu ya ce, wa ya yi wannan?" Gidana ma irin shirun da yake yi ke nan.

Wanda bai taɓa zuwa baje koli shi kaɗai ba bai san wahalarsa ba. Wasu da matansu suke zuwa, wasu da 'ya'yansu. Wannan ya tashi, wancan ya zauna. Mai zuwa shi kaɗai kuwa ko salla zai je sai ya tsaya yana rarraba ido. Daga nan abotarmu ta samo asali: "Riƙe min tebur." Abin dariyar shi ne, in na dawo sai in tarar ka sayar min da takalma, don ba ka san tarihin fata ba balle ka kori mai saye da shi. Ni kuma in ka tafi sai akusanka su yi ta tafiya, don ni bakina a rufe yake. Da yamma, kowa ya samu mai kama masa kaya ya wuce, mu biyu ne ƙarshen fita, muna naɗe ƙyalle, masu shara suna jiranmu. Mu tsaya a bakin titi, motarka daban, tawa daban.

Ba ka sayen katako. Duk inda aka sare bishiya a gefen hanya kana can kana roƙon gungume, kana cewa daga bakin murhu ka ƙwato shi. Kai ka koya min cewa ba a gama akushi a zama ɗaya. Tun itacen yana ɗanye kake fafe shi, ka bar shi da kauri, ba kyan gani, ka binne shi a buhun dusar katako wata da watanni ya bushe a hankali, in ba haka ba ya tsage. Sai ya bushe kake sassaƙe shi ka goge ka shafa mai. Sannu ba ta hana zuwa, in ji ka. Amma akwai ranar da ka ce, "Abu ɗaya ke damuna. In na mutu ba wanda zai san akusa ne a buhunan nan. Wuta za su koma." Na ce ka daina, kai za ka binne mu duka.

Ranar da na je gaisuwa ce ranar farko da na taka gidanka. Bayan na gai da ɗanka na roƙi a nuna min inda kake aiki. Rumfa ce a bayan gida: gizagonka a rataye, tabaranka a kan benci, kujera ɗaya tak. Buhunan kuwa a zazzage suke. A tsakar gida mata suna dafa wa masu gaisuwa abinci, itace ya ƙare musu, sai suka samu busasshe a kusa. Na duba ƙarƙashin tukunya na ga wani abu zagayayye yana ci da wuta. Ban san lokacin da na sa hannu na fizgo shi ba.

'Yarka ta taso a firgice. "Baba, lafiya?"

Na ce, "Akushi ne, 'yata. Bai gama shi ba ne."

Ta karɓa ta jujjuya shi, ta ga fafen da ke ciki da sawun gizago, sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. "Wallahi mun ɗauka guntayen itace ne." Ban ga laifinta ba, ban ga na kowa ba, rashin sani ya fi dare duhu. Amma raina ya ɓaci, kuma har yau bai daina ba. 'Yan kaɗan da suka rage ta haɗa min a buhu, ta ce ko zan iya ƙarasa su. Na ce ni baduku ne, fata na sani.

Asabar ɗin da ta wuce aka sake baje koli. Teburinka an ba wata mai turare, da ƙannenta biyu. Da aka kira azahar na juya dama na buɗe baki, sai na tuna. Na zauna har jama'a suka ragu.

Akusan na jera su a ƙarshen teburina, a kan ƙyallen nan da na taɓa ara maka, mai ƙunar a gaba. Wani mutum ya tsaya, ya ɗaga shi, ya ce, "Wa ya yi wannan?" Sabon Shiga, ni da na hana ka wa'azi, miƙewa na yi na hau ba shi labarinka tun daga rufin gidaje. Ya ajiye ya sulale ban kai ko rabi ba. Na ƙarasa wa kaina.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya ba ka maƙwabta nagari a can. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanka da 'yarka da jikokinka. Allah ya ba su haƙuri da dangana. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.