Shinkafar Malam Darmo

Uwaisu Kwandasta mutumin Zariya ne da ya tsufa yana yanka tikiti a bas ɗin Aldwych. Bai tara komai ba a London, amma yana da abu guda da yake taƙama da shi: zakkar fidda kansa ba ta taɓa kwana ba. A garin da council, wato ƙaramar hukuma, ke ciyar da kowa, samun matalaucin da za a ba wa zakka babban aiki ne, shi kuwa Allah ya ba shi nasa.

Wani ɗan siririn mutumin Indonesiya ne mai suna Darmo, da suke sallar Juma'a tare a wani ɗakin ƙasa. Kwat ɗinsa ɗaya, takalminsa ya sha jiki, kullum yana sahun baya. Duk ƙarshen azumi Uwaisu kan auna shinkafa ya miƙa masa a ɓoye, don kada ya kunyata shi. Darmo kan karɓa da hannu biyu, ya rusuna.

Da kuɗin mai suka ɓarke, Darmo ya ɓace. Uwaisu ya ɗauka yunwa ce ta kora shi gida, har addu'a ya yi masa.

Wata safiya a 1978 wani fasinja ya bar jarida a kujera. Uwaisu ya duba, sai ga matalaucinsa. Ashe attajiri ne mai jiragen ruwa na dakon mai. Ya koma gida ya shiga jam'iyyar gwamnati, ya zauna a majalisa, yanzu ga shi minista, ya zo London taro. Ranar bas ta yi tasha uku babu wanda aka yanka wa tikiti.

"Sakinatu," ya ce wa matarsa da ya isa gidansu a unguwar Edmonton, "azumina na shekaru yana rataye. Mai jirgin ruwa na yi ta ba zakka."

"Har da rabona, Malam. To ka je ka karɓo mana."

Ya je. Ya tsaya ƙofar otal da rigar aiki har ministan ya fito, cikin kwat ɗin nan dai. Darmo ya rungume shi.

"Ranka ya daɗe, shinkafar nan fa? Ka ba mabukata?" in ji Uwaisu.

"Haba, ɗan'uwa. Kyautarka? Ni na cinye ta. A wurinmu ba a mayar da hannun babba."

Uwaisu ya yi masa sallama ya koma gida.

Makon nan ya sayi buhu ya rama duka. Tun daga lokacin, duk wanda ya ga ya cancanci zakkarsa sai ya zaunar da shi ya yi masa tambayoyi: ina kake kwana, me ka ci jiya, kana da jirgi? Wasu kan tashi su bar masa shinkafarsa.