Baba Mannir da Igiyar Sojan Bama

Da gari ya waye, Baba Mannir kan shimfiɗa buhu a ƙofar shagonsa da ke bayan tsohuwar kasuwar Gusau, ya jawo akwatin ƙarfe ya buɗe. Babu bindiga a ciki, babu ko harsashi. 'Yan tandunan tagulla ne masu tsawon yatsa, da igiyoyi a nannaɗe, kowace da ɗan ƙarfe a bakinta. Sai ya jera su, ya yi musu sallama ƙasa-ƙasa kamar wanda ya shiga maƙabarta, sannan ya hau gogewa. Mutanen layin sun daɗe da daina dariya. Mai facin da ke gefensa ma, duk surutunsa, gara ya zagaya ta cikin kwata da ya tsallake buhun nan.

Kayan goge bindiga ne, irin ta sojan da, wadda ake kira mak-fo. A gindinta akwai 'yar ƙofa, a nan ake ajiye tandun mai da igiyar da ake zurawa ta bututu a jawo tsumma. Da aka gama yaƙin Bama, can ƙetaren teku a lokacin yaƙin duniya na biyu, sojoji suka mayar da bindigogi, amma da yawansu suka taho gida da waɗannan a aljihu. Shi ya sa daga Mada har Wonaka ake tsintar su a ƙasan adakar tsofaffi. Wasu matan ma kwalli suka zuba a ciki.

Baba Mannir lebura ya yi a ma'ajiyar makamai, tun yana saurayi har furfura ta cinye masa kai, aikinsa goge na wasu. Bai taɓa harbi ba, ko na tsuntsu. Jikokinsa sojan tsumma suke ce masa, shi kuwa ya ƙame ya sara musu. Da ya yi ritaya aikin ya biyo shi gida, don mutane sun gano cewa in ka miƙa masa tandu zai gaya maka na asali ne ko ƙirar jiya. A gindin na asali akwai tambari kamar sawun kaza, amma maƙera masu yi wa dillalan kayan tarihi aiki sun iya buga shi, saboda haka ba ya tsayawa a nan. Murfi yake kwancewa, ya duba ɗan cokalin da ke manne da shi da zoben fatar da ke hana mai zuba, ya kai hanci, ya rufe ido. In ya daɗe bai buɗe ba, to mai kayan ya fara jin tsikar jikinsa na tashi.

Malam Luka, wani malamin makaranta a Tsafe, ya taɓa kawo na kakansa. Baba Mannir ya juya shi a tafin hannu, ya shafa inda tagullar ta suɗe, ya ce, "Na asali na. Mai shi bahago na, kuma hannunai na rawa." Luka bai gaya wa kowa ba cewa kakan nasa bahago ne, kuma tun da ya dawo daga yaƙi ba ya iya kai kofi baki sai ya zubar da rabi. Luka ya ce a ranar nan, da ƙafa ya taka har tasha, ya manta a kan babur ya zo.

Sai zamani ya juya mana baya. Daji ya cika da 'yan bindiga, tsoro ya cika gari, duk abin da ya yi kama da kayan bindiga ya zama abin da zai iya cin ran mai shi. A wannan hali ne, wata rana da hantsi, aka turo babur ɗaukar Baba Mannir daga wani ƙauye a bayan Nahuce. 'Yan sa-kai sun bincike gidan wani manomi mai suna Yazid, sun samu tandu jiƙe da mai da igiya a ɗakin kakarsa, Inna Indo. Suka ce ɗanyen mai ba ya zama sai in akwai bindiga, kuma wanda ke goge bindiga a ɓoye ya san mutanen daji. Mai gari ya roƙi alfarma a jira mutum ɗaya kafin a fita da shi bayan gari. Kowa ya san wanda aka fita da shi bayan gari ba ya dawowa.

Rana na tsaka Baba Mannir ya iso. Ƙauyen tsit, ƙofofi a rufe, ko akuya ba ta kuka. A gindin tsamiya ya tarar da Yazid a ɗaure, leɓɓansa sun bushe, maza tsaye kewaye da shi. Ba miyagu ba ne. Babbansu, Bashiru, ƙannensa biyu ya binne a daminar da ta wuce, kuma idonsa ya nuna ba ya barci.

Aka miƙa masa kayan. Ya yi musu sallama kamar yadda ya saba, ya kwance murfi, ya ɗiga man a yatsa ya lasa.

"Man gyaɗa na, ba na bindiga ba," in ji shi.

Aka fito da Inna Indo tana dogara sanda. Ta ce na mahaifinta ne. Tun da ya dawo daga Bama, kullum da safe yakan zauna ya ɗaga hannu ɗaya kamar yana riƙe da bindiga, ya saki igiyar a iska, ya jawo ta a hankali, har ya bar duniya. "Ran da anka rufe shi ni ji ƙarhen na bugun adaka, ƙwas, ƙwas. In ni zuba ma tandun mai duk Jumma'a sai shi yi shiru. In ni mance, sai shi tashe ni." Babu wanda ya yi dariya. Wani daga cikin mazan ya ja da baya.

Bashiru ya ce, "Baba, mun ji tsoho na. Amma tsohuwar igiya ma tana goge sabuwar bindiga. Mi za ya hana?"

Gaskiya ya faɗa, kuma Baba Mannir ya san haka. Ya nuna musu babu baƙin albarushi a jikinta, suka ce ana wankewa. Hujja ɗaya ta rage masa, ita ce kuwa wadda ba ya so. A duk rayuwarsa bai taɓa lalata ko ɗaya daga cikin kayan nan ba. Wannan igiyar ma ita ce mafi kyau da ya taɓa riƙewa, madaukanta uku cif, ɗaurin da masana'anta ta yi wa ƙarfen bakinta bai kwance ba. Ya dubi igiyar, ya dubi Yazid.

"Inna, ki gahwarce ni," ya ce.

Ya naɗe ta a yatsu biyu ya ɗan ja, ja irin wanda ba zai tsinka zaren ɗinki ba. Ta rabu biyu ba ko ƙara, gari-gari ya zubo masa a cinya. "Igiyar da ba ta jure yatsun tsoho, ita za ta ja tsumma cikin bututu?" in ji Baba Mannir. Bashiru ya karɓi guntun, ya ja, ya sake rabewa a hannunsa. Ya dubi garin da ke tafinsa. Sannan ya durƙusa da kansa ya kwance Yazid.

Inna Indo ba ta yi kuka ba. Ta tattara guntayen a bakin zanenta ta ce, "Ka sallami ubana, ɗan nan. Ya gama aiki." Wanda ya yi kukan Baba Mannir ne, a bayan babur, tun daga Bungudu har Gusau.

Baba, kai ne mai goge na wasu, wanda bai taɓa ɗana kunamar bindiga ba. Kai ne ka tsaya tsakanin mutane masu tsoro da abin da da sun aikata shi ba za su sake barci ba har abada. Yanzu ido ya yi rauni, ka ce bana za ka rufe akwati. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma da kuke karanta wannan, ba kowa ne zai iya bambance tagullar da da ta yanzu ba, amma kowa zai iya cewa a dakata a kira wanda ya sani. Ku je ku zauna a gefen buhun nan ku koya tun yana iya nunawa. Da aka tambaye shi ko yana alfahari da abin da ya yi a ƙauyen, girgiza kai ya yi.

"Wanga an jira ni," ya ce. "Akwai ukku da anka kawo min kayansu bayan an hita da su bayan gari an rufe su. Duk na asali na."