Hanyar Tuwon Saiwa

A gidanmu na Makera a Kaduna, lokacin Baba yana aiki a masaƙa, akwai wani ɗan mangwaro da Kaka, mahaifiyar Baba, ta shuka da hannunta shekarar da ta zo zama da mu. Kaurinsa bai wuce na taɓarya ba. A gindinsa take hura wuta bayan magariba, tana gasa mana masara tana yi mana tatsuniya. Ni a bayanta nake zama, don ban iya haɗa ido da mutane ba. Na fi sanin ƙeyarta da ƙanshin man kaɗen da ya kama zanenta.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ƙanena, Kaka ta miƙo mini wuƙa ta ce in sassaƙo mata ɓawon mangwaron ta dafa masa. Ina so ta yabe ni, sai na bi itacen na zagaye shi tsaf, na cire ɓawon kamar awarwaro. Da ta gani sai ta riƙe haɓa.

"Asabe, sassaƙe na aike ki ko yanka? Gabas ake ɗiba, a ɗibi yamma, a bar wa itace hanya."

Ba ta doke ni ba. Ta shafe wurin da laka, ta ɗaure da tsumma. Da muka taru a bakin wuta ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matso kada ta wuce ku."

Wai akwai yaya da ƙanwa, Saiwa da Ganye, tun da aka haife su ba su taɓa ganin juna ba. Saiwa tana ƙarƙashin ƙasa cikin duhu, tana jan ruwa tana aika wa ƙanwarta ta tsakiyar itace. Ganye tana sama tana girki da hasken rana, tana aiko wa yayarta tuwo ta wata siririyar hanya da ke manne da ɓawo. Sai wani mai gatari ya datse hanyar tuwon. Saiwa ta yi ta jira da yunwa, amma ba ta fasa aika ruwa ba.

"Kaka, me ya sa ba ta yi magana ba?" Ranar na fara yin tambaya a gaban mutane.

"Da wane bakin, 'yar nan? Na ƙasa ai ba a jin sa."

Kullum kafin in tafi makaranta sai na duba mangwaron. Ganyensa shar, har fure ya yi, na ce Allah ya rufa mini asiri. A damina ta biyu ya bushe a tsaye.

Sai a sakandare malaminmu na bayoloji ya yanka karan wake siriri, ya sa a na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa. Na leƙa, na ga 'yan ramuka jere, manya daga ciki, ƙanana daga waje. Ya ce na cikin zailam ne, su ke hawa da ruwa. Na wajen fuloyam, su ke kai abinci har saiwa. Na so in ɗaga hannu in ce na daɗe da sanin su, kunya ta hana ni.

Lokacin Kaka ta riga ta koma ƙauye. Duk direban da zai shigo Kaduna sai ta ba shi ƙullin kuka da daddawa ya kawo mana. Mu kuwa kullum cewa muke sai an yi hutu za mu je, ba mu je ba. Saƙonta bai taɓa yankewa ba, shi ya sa muka ɗauka lafiya take. Ƙullin ƙarshe ya iso mana kwana biyu bayan an binne ta. Inna ta ce a kaɗa miya da shi kada ya lalace. Na ci, ina ta neman ranar da muka datse hanyar da ke sauka, ban gano ta ba har yau.