Sunan da Babu a Takardar Shugaba

Shekara talatin da huɗu ke nan Tanti Aurica Dobrin tana sauka daga taragon farko na asuba, ta buɗe ɗakin gwaji na makarantarmu a garin Braila, ta goge ma'aunai ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ci burodinta da cuku a tsaye. Ban taɓa rubuta wa jama'a komai ba sai yau. Haushi ne ya sa ni.

A aji tara na haddace babin "mas" na darasin kimiyya kaf, na kuma faɗi jarrabawa. Tanti ta tarar da ni ina kuka a bayan kabad ɗin ɗakin gwaji.

"Ke gara, mai cin takarda, taso."

Ta nuna mini ƙwallo biyu rataye da igiya, girmansu ɗaya, na katako da na ƙarfe. Na tura na katako, ya tafi. Na tura na ƙarfe, yatsana ya lanƙwashe.

"Tanti, ai nauyi gare shi."

"Wa ya ɗauki nauyin, ke ko igiya?"

"Igiya."

"To me ya murɗe miki yatsa? Nauyi jan ƙasa ne, 'yar tsakona. Wannan kuwa gardamar abu ce: ba ya son a motsa shi, in ya motsa ba ya son a tsayar da shi. Ko wata kika kai shi, da gardamarsa zai je. Ita ce mas. Share hancinki."

Ku tambayi Ilinca mai kantin magani, ko Sorin direban jirgin ruwa. Duk ƙwallon nan ya lanƙwasa musu yatsa.

Ranar Juma'a za a yi bikin sallamar masu ritaya, Tanti ma bana za ta yi ritaya, amma babu sunanta a takarda. Na tambayi shugaban makaranta, ya ce, "Bikin malamai ne, Smaranda. Ita mai goge kwalabe ce." Bai ko ɗago kai ba.

Tanti, ke ce malamar da ba a ba alli ba, rijiya mai ba da ruwa a hana ta guga. Mun gode.

Ni aka ba takardar in karanta a gaban taro, wai don na fi kowa maki. Sunaye huɗu ne a ciki. Wataƙila ma a karɓe lasifikar. Ku da kuka bi ta ɗakin nan, ku zo, ku zauna a gaba. Biyar zan karanta, in na kai na biyar ku miƙe.