Ramin da Delbert Ya Haƙa wa Opal

Ƙanena Delbert Haskew, idan abu ya shiga kansa, to sai dai ka matsa gefe ka ba shi hanya. Ni na goya shi, na san halinsa ciki da waje. Motar 'yan makaranta yake tuƙawa a wani ɗan garinmu na jihar Arkansas ta Amurka, safe da yamma. Tsakiyar rana kuwa ba shi da aiki sai neman abin gyara, ko da abin lafiyarsa ƙalau. Daga bakin titi ake jin dariyarsa. Duk duniya abu ɗaya yake tsoro: ya wayi gari babu matarsa Opal.

A shekarar 1961 wata ƙasidar gwamnati ta shigo gari, wai idan Rasha ta jefo bam ɗin nukiliya, wanda wuta ba ta ci ba ƙurar da za ta zubo daga sama ta ishe shi, sai fa wanda ya ɓuya a ƙarƙashin ƙasa. Mu dai muka karanta, muka tsorata na kwana biyu, ni har na naɗe tawa na tokare ƙafar tebur da ita. Delbert kuwa ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gidansa.

Gidan katako ne irin na kowa, a ɗore kan ginshiƙan bulo. Tsakanin daɓe da ƙasa ɗan sarari ne da ba mai shiga sai kare da mai gyaran famfo, shi ma da rarrafe. Nan ɗin fa ya ce zai mayar ɗaki! Ya guntule ƙotar shebur, ya ɗaura igiya a bahon wankin Opal, ya shige rub da ciki. Idan ya cika baho sai ya ƙwala kira, maƙwabcinsa Virgil ya ja igiya daga waje ya zubar da jar ƙasar a bayan lambu.

"Delbert, ka iske Rashawan a can ƙasa, ko tukuna?" in ji Virgil.

"Ja igiya, malalacin banza! Ranar da ta fashe kai ne na farkon zuwa, har da matashin kanka."

"Ni? Allah ya sawwaƙe in ƙare rayuwata ina shaƙar warin safarka."

Haka suka yi ta yi har rami ya kai mutum ya tsaya. Ya zagaye shi da bulo na siminti, ya danne samansa da buhunan yashi, ya kafa bututun iska mai marfin juyawa da hannu, ya buga gadaje da kantoci, ya yi matakala a gefen baranda. Opal kuwa ta dage da dafa wake da tumatir tana ɗurawa a kwalabe. Ta kawo har bakin ramin ta ajiye, ta juya da sauri, ko leƙawa ba ta yi.

Tana da dalili. Tana ƙarama guguwa ta taso, aka tura ta ramin ɓuya ita da kakarta, itace ya faɗo ya danne ƙofar, ba a ciro su ba sai washegari. Tun daga nan ko ƙofar banɗaki ba ta rufewa duka.

"Delbert," ta ce masa, "kwalabe zan cika maka har ka ce ya isa. Amma ƙafata ba za ta taka ramin nan ba. In bam ɗin ya zo, ya same ni kan kujerata a baranda."

"Haba, Opal! To wa na haƙa wa?"

Ba irin dabarar da bai yi ba. Ya shafe bango da fenti ruwan ɗorawa. Ya zana taga, har da rataya mata labule. Ya faɗaɗa ƙofa. Opal ta ce ta gode, labulen ma ya yi kyau, haka ta ji an ce. Ran nan na gaji na ce, "Kai, yaron nan, ka bar baiwar Allah ta sarara mana!" Ya ɗago fuska duk ƙasa, ya ce, "Yaya Hattie, in ta ƙi shiga fa?" Idonsa ya kawo ruwa. Tausayinsa ya kama ni, na miƙa masa burodin masara.

Shekara ta zagayo, aka shiga makon nan na Oktoba da rediyo ba ya maganar komai sai Kyuba da jiragen ruwan Rasha, wai yaƙin nukiliya ya kusa. Jiniyar garinmu guda ce, a saman ofishin kashe gobara. Ita ce ta wuta, ita ce ta guguwa, aka ƙara mata aikin bam. An ce mana kukan kowanne daban, amma wa ya riƙe? Ina gidansu da rana ina fere dankali, sai kawai jiniyar ta ɗauka.

Wayyo, ka ga gudu! Duk layin ya ɗungumo gidan Delbert. Virgil ne a gaba, rungume da matashi, matarsa a baya da tukunyar kaza tana tururi. Wata da kyanwa, wani da takalmi ƙafa ɗaya. Delbert yana bakin matakala yana tura mutane, yana cewa a yi a hankali da kai. Ya nuna wa Virgil yadda ake juya bututun iska, ya ce da ni, "Yaya, in na fita ki ja ƙofar."

Ban ja ba. Na tsaya kan matakala, kaina a waje. Opal na kan kujerarta, hannuwa a cinya, fuska fari fat. Delbert ya jawo wata kujera kusa da ita ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Me kake yi a nan?" ta ce.

"Shan iska."

"Tashi ka shiga, kada ka haukata ni."

"Ba inda za ni."

"Shekara guda kana rarrafe kamar gafiya, sannan ka zo ka zauna mini a nan?"

"Ke na haƙa wa. Tunda ba kya so, shi ke nan, Virgil ya mora."

Ta zuba masa ido, jiniya na ta kuka. Can sai ta miƙe. "Kai dai Allah ya shirye ka. Riƙe ni. Kada ka sake ni, kuma na rantse in ka yi dariya sai na fasa maka kai."

Ta runtse ido, ta cusa farce a damtsensa, suka sauko taki ɗaya-ɗaya. Da ta taka ƙasa ta tsaya tana haki, ta buɗe ido ɗaya, ta dubi kantocin kwalabe.

"Wane mara hankalin ne ya ɓoye mini tumatir a bayan wake?"

Ramin ya kece da dariya. Delbert yana dariya hawaye na zuba, ni ma na share nawa da gefen riga, don daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Muna cikin haka sai ga kan shugaban 'yan kashe gobara a ƙofa, yana huci. Ashe tsohuwar rumfar ciyawa ce ta kama wuta a bayan gari, yana ta busa jiniya, rabin 'yan sa-kansa kuwa suna ƙarƙashin gidan Delbert! Maza suka fice a guje, Virgil har da matashinsa. Delbert bai je ba, don hannunsa na wurin mai shi.

Bam bai zo ba. Opal ba ta sake shiga ramin ba har ta bar duniya, shi ma bai sake roƙonta ba. Na taɓa tambayarta, muna fere dankali, yadda aka yi ta iya.

"Hattie, har gobe ina tsoron rami," ta ce. "Amma da na ga wawan nan ya ɗora hula a gwiwa, zai mutu a waje saboda ni, sai na ji wannan ya fi ƙarfina. Miƙo mini wuƙar nan."