Tulun Zumar Malam Hudu

Tashi daga Kano

Muna idar da sallar asuba muka nufi tasha, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne: ni, da Alhaji Barau tela, da Ɗanjuma mai gyaran rediyo. Na huɗunmu, Malam Hudu, shi za mu je dubawa. Mun daɗe muna zama a ƙofar shagon Barau, duk wanda ya samo zuma ya kawo a ɗanɗana, a yi ta musu a kan wadda ta fi. Ni nake yanke hukunci, shi ya sa suke ce mini Alƙali, ban kuma taɓa hana su ba.

Shekarar da Malam Hudu ya koma ƙauyensu a bayan Rogo, ya cika tulu da zumar amyarsa, ya liƙe bakin da yumɓu, ya yi alkawarin ba zai buɗe ba sai muna wurin. Yau shekara tara ke nan. A tsakani ciwon suga ya kama shi, likita ya raba shi da zaƙi. Makon jiya ya aiko cewa jiki ya yi nauyi, mu zo a buɗe. Shi ba zai sha ba. So yake in ɗanɗana a gabansa, in gaya masa abin da shekaru suka yi wa zumar.

Mota na tashi na faɗa musu tsari. Na farko, babu cin goro. Na biyu, babu abinci sai an buɗe tulu. Na uku, duk inda muka tsaya za mu ɗanɗana sabuwar zuma, don mu san bambancinta da tsohuwa. Na huɗu, a gidajenmu za mu kwana. Barau ya ce shi da goro sun saba tun kafin in yi aure. Na karɓe goron na jefa a aljihuna.

A shingen bayan Gwarzo wani ɗan sanda ya ga damin tsinken da na tanada don ɗanɗano, ya tambaye ni ko tsire nake yi. Direba ya yi dariya har da buga sitiyari. Ni ban ga abin dariya ba.

Karaye

Da hantsi muka sauka. Muka sami wani dattijo daga Kafin Dafga da kwalabe uku a kan tabarma. Ta farko farar saƙa ce, mai haske, ba ta daɗewa a harshe. Ta biyu ja ce, tana ƙamshin furen ɗorawa. Ta uku ta sha hayaƙin karan da aka kori ƙudan da shi. Ɗanjuma ya ce shi dai duk zaƙi ya ji. Na yi masa faɗa, na ce zaƙi daban, ɗanɗano daban.

Da labari ya zaga cewa masana sun zo daga birni, sai ga wani daga Tudun Kaya da tasa, ga wani kuma da jarka guda. Barau ya ɗaga hannu ya ce ya ƙoshi. Ɗanjuma ya ce zai je alwala, ya dawo leɓensa na ƙyallin man ƙosai. Ni kuwa na bi kowace kwalba daki-daki, kuma sau biyu, domin adalci.

Rogo

Motar Rogo ta ɗebe mu tare da buhunan gyaɗa da akuya biyu. Hanya ta jijjiga mu, zumar cikina ta fara magana, na yi kamar ban ji ba.

A bakin tasha wata Bafulatana mai nono ta dube ni ta ce in sha fura, fuskata ta nuna yunwa. Na ce mata ina kan aiki. Muka sami mai zuma, na tsoma tsinke, na lasa. Ban ji komai ba sai zafi a maƙogwaro. Nan take na yanke hukunci cewa an haɗa ta da sikari. Mutumin ya rantse. Barau ya lasa ya ce ai wannan zuma ce ta gaske, har ta fi na Karaye. Na harare shi, na ce goro ya daɗe da kashe masa harshe. Daga nan muka hau babura zuwa ƙauye.

Gidan Malam Hudu

Mun same shi a zaure, jingine da bango, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Gaisuwa ta ɗauki lokaci: hanya, gajiya, iyali, jiki, mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya. Uwargidansa ta aiko da fura. Abokan tafiyata suka kafa kai, ni na ture ƙwaryar.

Bayan azahar aka fito da tulun daga ɗaki. Malam Hudu da kansa ya fasa yumɓun. Zumar ta yi baƙi ƙirin, ta yi kauri har tsinke na tsayawa a ciki. Na yi bisimilla, na lasa, na jira.

Ba ɗanɗano ko kaɗan. Kamar na lasa ruwan ɗumi. Na kurkure baki na sake. Haka dai. Sai a lokacin na gane mai zumar Rogo bai yi ƙarya ba. Ni ne na kashe harshena da tsarina tun daga Karaye.

Duk sun zuba mini ido. Kalmomi kuwa ina da su a ka, da na ga dama sai in jera masa su ya ji daɗi. Amma mutumin nan shekara tara yana wuce tulun nan safe da yamma bai taɓa shi ba.

“To, Alƙali, me ta zama?” in ji Malam Hudu.

“Malam, ban ji komai ba. Na cika wa harshena aiki a hanya.”

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Malam Hudu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya huta ya ce, “Ita dai ba za ta gaza ƙarin kwana ɗaya ba. Ni ne ba ni da tabbas. Ku kwana.”

Dokata ta huɗu ta tafi ke nan. Ta biyu kuwa ta ƙare tun da aka buɗe tulu, don haka da magariba na cinye malmala uku ta tuwon dawa da miyar kuka, ban ɗaga kai ba.

Washegari

Bayan asuba, bakina wasai, na sake tsoma tsinke. Wannan karon ta yi magana. Na gaya masa bi da bi, yadda ta zo. Da farko zaƙinta ya kwanta, ba ya tsalle irin na sabuwa. Daga nan ƙamshin ɗorawa, amma ya nuna, ya koma kamar na dabinon da ya kwana biyu a buhu. Sai ƙamshin ƙasar tulun. A ƙarshe wani ɗan ɗaci siriri can bayan harshe, wanda ba ya tafiya da wuri.

Malam Hudu ya rufe ido yana gyaɗa kai. “Wannan ɗacin na darbejiyar bayan gida ne,” ya ce. “Lokacin da na ɗebo ta har ya dame ni. Ashe ya zauna lafiya da sauran.”

Ya sa aka zuba mana kaɗan-kaɗan a kwalabe, aka sake liƙe ragowar da sabon yumɓu. Ya ce sai bayan kaka, in da rai.

Komawa gida

A Rogo na nemi mai zumar jiya na ba shi haƙuri, na sayi kwalba guda. A mota na mayar wa Barau goronsa, ya ce ya bushe, kuma daga yau ba zai karɓi hukuncin Alƙali ba sai wanda aka yanke bayan tuwo. Mun shiga Kano ana kiran la'asar.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, sai Malam Hudu da iyalinsa da suka ciyar da baƙon da ya ture musu ƙwarya. Allah Ya ba shi lafiya, Ya nuna mana kaka. Tafiyar bayan kaka ban tsara mata komai ba. Na dai aika a ajiye mana tabarmin nan uku da muka kwana a kai.