Ranar Da Na Yarda Aka Ƙidaya Ɗiyan Mutane

Akwai wata mata da ban yafe mata ba, kuma ba ni da niyya. In ta riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙanta, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne, amma tsakanina da ita magana tana nan inda na aje ta. Laifinta guda ne: ta rubuta abin da ban faɗa ba, ta miƙo mini, na amsa har da godiya. Wannan takarda da hannuna na rubuto muku ita, in kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri, sai da na yaye ɗiya huɗu kafin na kama alƙalami.

Lokacin muna Keita, shekara biyu bayan babban farin tamanin da huɗu. Maigidana ya tafi biɗar kuɗi Abijan, ni kuma ina cikin matan da ke ɗaukar duwatsu bisa tudu muna jerawa don a tare ruwan da ke cinye gonaki. Ladanmu abinci ne, dawa da mai da kifin gwangwani. Dutse ba ya hawa kai da hannun mutum guda, don haka kowa da abokiyar aza mata. Tawa wata baiwar Allah ce mai ƙarancin magana, dangin mijinta ba su daɗe da barin addinin kakanni ba, har lokacin wasu in ta ba da baya sai su ce arna, alhali ta fi ni tsare salla. Ɗiyarta da autata ajinsu guda a lakwal, wato makarantar boko, bencinsu guda, alli guda suke karyawa biyu.

Gidan da ke jingine da namu wani ma'aikaci ne ya kama shi, matarsa daga Yamai ta zo, Madam muke ce mata. Wata rana ta yi wa ɗanta bukin ranar haihuwa, abin da ban taɓa ji ba, da gato, kek ɗin nan na Turawa, da kyandir da waƙar Faransanci. Autata ta leƙa ta kan katanga har aka watse, ta dawo ta tambaye ni ita wace rana aka haife ta, ko ita ba a haife ta da rana ba. Maganar ta soke ni. Ni kuwa ba macen da ake nuna wa iyakarta ba ce, na ce wallahi sai an yi nata. Da na je wa Madam da zancen ta tambayi kwanan wata. Takardar lakwal ta ce ɗaya ga Janairu, kamar rabin ajin. Ni abin da na sani, ranar da aka fara yankan hatsi naƙuda ta kama ni a bakin gona. Madam ta yi dariya har da riƙe ciki, ta zaɓa mana wata Lahadi.

Sai maganar mutum nawa za a kira. Na ce duk ajin, tunda a wurinmu ba a kiran yaro tuwo da suna, hayaƙin gida shi ke gayya. Ta dafe kai ta ce ɗiya sittin da uku, ai ba sadakar mamaci za a yi ba, goma sha biyu sun isa, kowa da katinsa. Na dawo na dubi ɗan akuyana guda da ƴar shinkafar da na samu, na ga maganarta da hujja. Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya bari in faɗe ta duka: ba tukunya kaɗai na duba ba. Raina ya so in ga ɗiya masu takalmi da safa zaune bisa tabarmata, unguwa ta gani. Na amince. Na zauna gabanta ina jero sunaye, na farko ɗiyar abokiyar aikina, sai ɗiyar mahauci, sai tagwayen mai gyaran keke, har sha biyu. Tana rubutu tana gyaɗa kai. Ta sa katunan a ambulan ta miƙo mini, ta ce a kai wa mushe, malamin ajinsu, ya raba. Washegari bisa tudu na gaya wa ƙawata sunan ɗiyarta na fara kira, ta yi murmushi ta ce to sai ta nemo lalle.

Ranar Lahadi ina bakin murhu, Madam ta ce ita za ta tsaya zaure ta taimaka mini da tarbar baƙi. Na ga yara suna shigowa tsaf-tsaf, rabinsu ban san fuskarsu ba, na ce a raina ƙila rakiya ce. Ba mu da gato, sai aka tara masa a faranti aka kafa kyandirin Madam a kai. Aka ce autata ta hura, ta ƙi. Aka lallashe ta, ta ƙi. Sai ta ɗauki kwanonta na shinkafa da nama ta yi waje. Na bi ta da ludayi a hannu ina shirin faɗa. Ina fita na ga yara jere jikin katanga sun fi talatin, ƴan ajinsu, wasu na leƙe ta tsagar ƙofa. Gaba gare su ɗiyar ƙawata, da sabon kitso, tafin hannunta ja da lalle, tana riƙe da ƙoƙo da ƙwan zabi biyu da uwarta ta ba ta ta kawo. Na tambaye ta me ya hana ta shiga. Ta ce, inna, an ce ba ni da takarda. Na ɗaga kai, can ƙarshen lungu na hangi bayan uwarta, ta rako ta, ta ga komai, tana komawa.

Madam ba ta ko musa ba. Ta ce gyara ta yi mini, ta sauya sunayen, ta sa ɗiyan ma'aikata, mutanen da za su amfani ɗiyata gobe, waɗancan kuwa ba a san abin da suke ɗauke da shi daga gida ba. Na tambaye ta cikin iyayen masu safar nan wa ya taɓa aza mini dutse. Na faɗa mata sauran abin da ba zai rubutu a jarida ba, na cire kyandirinta na damƙa mata, na ce ta san hanyar gidanta. Sannan na yaye asabarin ƙofa na jefar, na ce da yaran su shigo, masu gudu cikinsu su je su kira duk wanda ya rage a ajin. Na kwance buhun garin dawar da na niƙo don cinmu na wata, na fasa gwangwanin kifi duka cikin miya, na tuttula man. Maƙwabta da suka ji hayaniya suka shigo da muciyoyinsu ba wanda ya kira su. Naman ɗan akuya muka yayyaga shi ƙanana kamar ana rabon goro wurin suna. Ɗiyan ma'aikatan ban kore su ba, ba su yi mini komai ba, kuma su suka fi kowa zurma hannu a tuwon. Ba yaron da ya fita da busasshen hannu. Sauran watan miyar kuka muka sha ba ɗigon mai, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi. Har gobe in na tuna tsakar gidan nan cike, kaina ƙara tsawo yake.

Sai dai ƙawata ba ta dawo ba. Ɗiyarta ta ci loma kaɗan, ta aje wa autata ƙwan, ta tafi kafin magariba.

Mata ƴan'uwana, ga abin da na ɗauka. Madam ta ci amanata, amma ni na buɗe mata ƙofa ranar da na yarda a zauna a ƙidaya ɗiyan mutane kamar awaki a kasuwa. Duk wanda ka zaɓi sha biyu cikin sittin, saura suna da uwaye, kuma uwayen suna da ido. In tukunyarki ƙarama ce ki ƙara ruwa, ko ki rufe ƙofa ki ci da ɗiyanki, ba wanda zai zarge ki. Kuma kada ki bar bakinki a hannun wata don kawai ita ta iya riƙon alƙalami.

Washegarin bukin da gari ya waye ban ɗauki gammo ba, gidan ƙawata na nufa. Na iske ta tana daka. Ta amsa sallama ba ta dube ni ba. Ban ambaci Madam ba, na ce mata ni na yi ƙidaya, ni ke da laifi. Ta ce ita an daɗe ana tsayar da ita bakin ƙofa, ta saba, yarinyar ce ba ta sani ba sai jiya. Na ce akwai rumfar da ake koya wa manya karatu bayan la'asar, yau zan kai kaina, kuma ba zan tafi ni kaɗai ba ko da sai na goya ta. Ta ci gaba da dakanta. Na ga taɓarya ta biyu jingine jikin rumbu, na ɗauko. Ba ta ce in aje ba. Sai ta ɗan ja ƙafarta gefe, ta bar mini wuri bakin turmin.